Babi na 7: Tirela Don Dakon Buhu Biyu

Wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya kira ni a waya, ya ce lallai in zo in ga abin da ya sayo. Yana da ɗan ɗaki a wani bene da ke wajen Zoo Road a Kano, nan yake tace bidiyon biki da tallace-tallace, jifa-jifa kuma waƙa, idan Allah ya kawo mawaƙin da ke biya. Ina shiga na tarar da wata baƙar kwamfuta girke a ƙarƙashin tebur, tsayinta ya kusa gwiwata. Mutum biyu ne suka hau da ita benen. Tokumbo ce, kuma wata takwas ya yi yana tara kuɗinta.

"Kawu, furosesa biyu ne fa a cikinta," in ji shi, yana shafa bayanta kamar wanda ya sayi ingarma. "Mai shagon ya rantse mini irinta ake aiki da ita a Holiwud."

Na ce, "Madalla, Allah ya sanya alheri. Kunna mu gani."

Babu wuta, don haka ya leƙa ta taga ya ce wa yaron shagonsa ya tayar da janareta. Yana danna maɓalli fankokin cikinta suka ɗauki gurnani, janaretan da ke ƙasa ya shaƙe kamar zai mutu, sannan ya farfaɗo. Ya buɗe aikin wani kamu da aka ɗauka da kyamara biyu da wayoyin ƙawayen amarya, ya sa renda, wato na'urar ta fitar da kammalallen bidiyon. Yaron kuma, don tsokana, ya jawo laftof ɗin da suka saba aiki da ita, wadda ba ta cika shekara biyu ba, ya ɗora mata aikin nan dai. Muka shiga hirar 'yan gida. Ban gama shan lemona ba yaron ya yi gyaran murya ya ce, "Oga, tawa ta gama." Ta ubangidansa kuwa tana kashi sittin da 'yan kai, ga ɗakin ya ɗumame kamar gidan burodi.

Ɗan yayar tawa ya daɗe yana kallon allo, sannan ya juyo ya ce, "Kawu, ko dai an cuce ni ne?"

Ba a cuce shi ba, ko in ce ba irin cutar da yake nufi ba. Na'urar ta gaske ce, kuma mai yiwuwa mai shagon bai yi ƙarya ba, irinta ta taɓa zama a manyan ɗakunan haɗa fim. Abin da ba a gaya masa ba shi ne an ƙera ta ne don maganin ciwon wani, shi kuma nasa ciwon daban ne.

A shekarun 1980 da farkon 1990, tazarar da ke tsakanin kwamfutar ofis da babbar kwamfutar ƙwararru kamar tazarar keke da jirgin ƙasa ce. Kamfanoni irin su Sun Microsystems da Silicon Graphics suna ƙera na'urorin da ke yin abin da kwamfutar gida ko a mafarki ba ta yi. Manyan dabbobin nan na fim ɗin Jurassic Park na 1993 a kan na'urorin Silicon Graphics aka zana su. Kwamfutar NeXT da Steve Jobs ya fito da ita a 1988 dala 6,500 aka sa mata, kuma a kan irinta Tim Berners-Lee ya rubuta manhajar farko ta shafukan yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN a 1990. A lokacin, injiniyan da ke son juya zanen inji a allo ya duba shi ta kowace fuska ba shi da zaɓi, ko ya sayi babbar ko ya koma kan takarda da fensir. Sai ƙananan kwamfutoci suka yi ta girma, shekara bayan shekara, har suka cinye kasuwar manya. Silicon Graphics ya durƙushe a 2006, ya sake durƙushewa a 2009 aka sayar da shi. Sun kuma Oracle ya haɗiye shi a 2010. Ajin bai mutu ba, ya ci gaba da sunaye irin su Dell Precision da HP Z da Lenovo ThinkStation da Mac Pro. Sai dai tazarar nan ta tsuke ƙwarai, suna da kwarjini ne suka rage yadda suke.

To me mutum ke saye idan ya biya kuɗin irin wannan na'ura? Abu na farko da ake cika baki da shi shi ne yawan hannuwan furosesa, wato abin nan da ake kira Core, kamar yadda ake gani a sunan Core i5. Kwamfutar ofis tana da hannu huɗu ko shida ko takwas, babbar kuwa sai ka ji ana zancen ashirin da takwas ko sittin da huɗu. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai aikin da yake kamar noman gayya: ka kira mutum ashirin gona, kowa ya kama kunyarsa, kafin azahar an tashi. Akwai kuma aikin da yake kamar haƙar rijiya. Ko gari guda ka tara, mutum ɗaya ne zai shiga ramin, sauran sai dai su tsaya a baki suna jan guga suna ba da shawara. Wani injiniya mai suna Gene Amdahl ya yi wa wannan lissafi tun 1967: idan rabin aikinka na rijiya ne, ko hannu dubu ka zuba masa saurinsa ba zai wuce ninki biyu ba. Fitar da hotunan kwaikwayo masu sarƙaƙiya aikin gayya ne. Amma yawancin abin da mai zanen gini ke yi a AutoCAD, ko mai ɗab'i a CorelDRAW, ko akanta a Excel, ko mai hoto yana gyaran fuskar amarya a Photoshop, aikin rijiya ne, ƙarfin hannu ɗaya shi ne magana. Wani abin dariya ma, furosesa mai hannuwa da yawa dole a rage wa kowane hannu gudu don kada zafi ya kashe shi. A Mac Pro ta 2019, mai hannu takwas tana tashi ne daga gigahaz 3.5, mai hannu 28 kuwa, wadda ta fi ta tsada da dubban daloli, daga 2.5 take tashi.

Laftof ɗin yaron nan ma ba tsafi ta yi ba. Tun 2011 kamfanin Intel ke sa wani ɗan sashe a cikin furosesoshinsa na gama-gari, Quick Sync sunansa, wanda ba shi da aiki sai matse bidiyo da warware shi, musamman irin bidiyon da waya da ƙananan kyamarori ke ɗauka. Yawancin furosesoshin Xeon da ake sa wa manyan na'urori ba su da wannan sashe, ballantana tsofaffinsu. Ƙarti da yawa ke nan suna daka hatsi a turmi, ga yarinya ɗaya ta kai nata inji ta dawo.

Abu na biyu shi ne RAM mai gyara kuskurenta da kanta, wadda ake kira ECC. Wannan ba zancen talla ba ne. Wani bincike da aka yi kan kwamfutocin Google aka wallafa a 2009 ya nuna cewa sama da kashi 8 cikin ɗari na sandunan RAM ɗinsu suna yin kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ya ɗora lissafin kwana huɗu kan ƙarfin ginshiƙan gada, ɗigo ɗaya da ya kauce zai iya ɓata masa komai ba tare da ya sani ba. Mai tace bidiyon walima fa? Iyakacinta manhaja ta tsaya, ya yi tsaki ya sake buɗewa. Sannan akwai alkawarin da ke biyo sabuwar na'ura: masu manhaja sun gwada ta sun sa hannu, in ta lalace kuma kamfani zai turo makaniki har ofis. Wannan alkawari kaso ne mai tsoka na kuɗinta, amma ba ya biyo tokumbo cikin kwantena, kuma ko sabuwa ce amfaninsa ya danganta da garin da kake zaune.

Abu na ƙarshe, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar, ƙofa ce. Babbar na'ura tana buɗuwa. Akwai gurabe a ciki da za ka cusa katin hoto, ka ƙara RAM, ka jera ma'ajiya huɗu ko biyar, in wani abu ya ƙone ka zare shi ka sa wani. Babu labarin da ya fito da ƙimar wannan ƙofa kamar labarin Mac Pro.

Mac Pro ta farko ta fito a 2006, akwatin alminiyam mai huje-huje a gaba, wanda ya sa aka yi mata laƙabi da abin gogar cuku, mu da mun ce abin gogar kuɓewa. Ka ɗaga wani ɗan mariƙi a baya, gefenta ya buɗe, komai a jere kamar kayan ɗakin amarya. Dala 2,499 aka sa mata. Kuɗi ne, amma kuɗin da mai ɗaukar hoto ko mai situdiyon kiɗa zai iya ƙuƙutawa ya biya. Akwai waɗanda suka sayi samfurin 2009 ko 2010 suka yi shekara goma suna aiki da ita, bana a canza katin hoto, baɗi a ƙara RAM, wata shekarar har furosesan a sauya.

A watan Yunin 2013 Apple ya nuna magajiyarta. Baƙar tulu ce mai sheƙi, tsayinta kimanin santimita 25, nauyinta kilo biyar, fanka ɗaya tal ke jan iska daga ƙasa ta fitar ta sama. Phil Schiller, wanda ya gabatar da ita, har baƙar magana ya yaɓa wa masu cewa kamfanin ya daina ƙirƙira, jama'a suka yi ta tafi. Kyau kam tana da shi. Amma kafin ta shiga kasuwa a watan Disamba kan dala 2,999, an riga an raɗa mata suna kwandon shara. Babu gurbin kati ko ɗaya a cikinta. Katunan hotonta guda biyu an ƙera su ne daidai da cikinta, ba a samun irinsu a kasuwa. Duk abin da kake son ƙarawa sai dai ka jona shi ta waya daga waje, teburinka ya koma kamar shagon mai cajin waya. Sai kuma aka yi shiru. Shekara ɗaya, biyu, uku, babu sabon samfuri, farashi kuma bai motsa ba.

A watan Afrilun 2017 aka yi abin da ba a saba gani daga wannan kamfani ba. Manyan jami'ansa Schiller da Craig Federighi da John Ternus suka gayyaci 'yan jarida biyar suka amsa cewa sun yi kuskure. Bayanin Federighi shi ne sun yi zaton duniya za ta koma amfani da matsakaitan katunan hoto biyu, sai ta koma kan babba guda ɗaya, tulun nan kuma ba zai iya fitar da zafin babban kati ba. Sun gina ɗaki daidai jikin yaro, sun manta yaro yana girma. A zaman nan ne aka ji wasu alƙaluma da suka fi neman afuwar muhimmanci: kusan kashi 80 cikin ɗari na kwamfutocin Mac da ake sayarwa laftof ne, Mac Pro kuwa ba ta kai kashi goma ba, kuma ko a cikin masu sana'a yawancinsu laftof ko iMac suke riƙe da ita. Wato tun a lokacin, talakan ƙwararre ya riga ya kama gabansa.

Waɗanda suka tsaya jira shekara biyu suka ƙara. A watan Yunin 2019 aka dawo da abin gogar kuɓewa, ƙofa ta dawo, har da ƙari: gurbin kati takwas, gurbin RAM goma sha biyu da ke iya ɗaukar terabayit ɗaya da rabi, da gidan wuta mai ƙarfin wat 1,400. Sai aka faɗi kuɗi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Mafi araharta dala 5,999, da ma'ajiya mai gigabayit 256 kacal, abin da wasu wayoyin waccan shekarar ma suka kai. In ka cika ta da komai ta haura dala 52,000, kuma RAM ɗin kaɗai ta ci dala 25,000 a ciki. Allon da aka yi mata dala 4,999, ƙafar da allon zai tsaya a kai kuma daban ake sayar da ita, dala 999. Da Ternus ya faɗi kuɗin ƙafar nan, sai da aka ji gunagunin jama'a a zauren. Tayoyin da za ka sa mata don ka riƙa tura ta, dala 400, kuma ba su da birki.

An yi ta dariyar tayoyin nan, ni ma na yi. Amma gaskiya ɗaya ce, ga wanda aka yi wa na'urar farashin ba hauka ba ne. Apple ya kwatanta allonsa ne da allon tantance launi na Sony da ya haura dala 40,000, kuma akwai ɗakunan da ke sayen irinsa ba tare da taya ba. Mai daidaita launin babban fim, wanda ake hayar ɗakinsa awa-awa. Mai tsara kiɗan fim da ke buƙatar sautin ɗaruruwan kayan kiɗa su zauna a RAM gaba ɗaya, da ya taɓa su amsa. Masanin ƙasa da ke karanta bayanan binciken mai. Injiniyan da ke gwada yadda iska ke bin fukafukin jirgi. Su waɗannan, duk mintin da suka zauna suna kallon allo kuɗin wani ne ke zuba. In na'ura ta rage musu awa ɗaya a rana, kwalliya ta biya kuɗin sabulu kafin shekara ta zagayo, kuma ba daga aljihunsu kuɗin ya fito ba, kamfani ne ya saya ya rubuta a littafin kadara.

Rikicin yana cikin kalmar nan Pro. Tana nufin mai cin abinci da sana'arsa, kuma a wannan ma'ana mai hoton biki da mai zanen gidaje da mai shirya mujalla duk sun shiga. Su ne ma mafi yawa. Suka ga sunansu a jikin akwati, suka ɗauka da su ake, suka duba farashi suka gane ba da su ake ba. Abin da suka daɗe suna roƙo ba wani abin a zo a gani ba ne: matsakaicin akwati mai furosesa na gama-gari, gurbi biyu ko uku, ƙofa mai buɗuwa, a kan kuɗin da bai fi na laftof mai kyau ba. Masoya Mac har suna suka raɗa wa wannan na'ura da ba a taɓa ƙerawa ba, xMac. Da suka gaji, wasu suka koma haɗa kwamfuta da hannunsu suna ɗora mata manhajar Mac ta bayan gida, wasu suka yi ƙaura zuwa Windows, inda irin wannan akwati bai taɓa yankewa a kasuwa ba. A watan Nuwamban 2019, makonni kaɗan kafin Mac Pro mai hannu takwas ta shiga kasuwa kan kusan dala dubu shida, kamfanin AMD ya fitar da furosesa mai hannu 16, Ryzen 9 3950X, kan dala 749.

Me ya hana a ƙera musu? Ba sai an yi duba ba. Akwatin da ke buɗuwa yana daɗewa, mai shi kuma a kasuwa yake sayen RAM da ma'ajiya, ba a wurin wanda ya ƙera ba. Rufaffen akwati kuwa, ran da ya yi maka kaɗan sai ka sayi sabo.

Daga baya sai tarihin Silicon Graphics ya maimaita kansa a cikin gida ɗaya. A watan Nuwamban 2020 Apple ya fito da furosesan kansa, M1, ya sa shi a MacBook Air ta dala 999 wadda ko fanka ba ta da ita. A aikin rijiya, na hannu ɗaya, wannan 'yar sirit ɗin ta tsere wa Mac Pro da aka sayar shekara guda kafin nan. A watan Maris na 2022 Mac Studio ta fito, ɗan akwati kamar an ɗora kwanon sha biyu, daga dala 1,999, kuma kamfanin da bakinsa ya ce babbarta ta dala 3,999 ta fi Mac Pro mai hannu 28 sauri. Da aka sabunta Mac Pro a watan Yunin 2023, furosesa ɗaya aka sa musu ita da Mac Studio, M2 Ultra. Ɗaya dala 3,999, ɗaya dala 6,999. Dala dubu ukun da ke tsakani kuɗin ƙofa ne, ƙofar ma ta zama ta ado ga mafi yawan mutane: gurabenta ba sa karɓar katin hoto, RAM kuma a manne take, iyakarta gigabayit 192, ba a ƙarawa bayan an saya. A Maris na 2025 aka ba Mac Studio sabon furosesa da RAM har gigabayit 512, aka bar babbar yaya da tsohon kayanta.

Saboda haka talakan ƙwararre ya ci rabin shari'arsa. Ƙarfin da yake nema ya zo, da araha ma, a cikin ɗan akwatin da zai shiga jakar hannu. Rabin da ya faɗi shi ne ƙofa. Wanda ke zaune kusa da shagon kamfani, yana da inshora, yana canza na'ura duk shekara uku, wannan bai dame shi ba. Mu da in abu ya lalace makaniki a kasuwa muke kai wa, ya zare wanda ya mutu ya sa na wata gawar, ya dame mu ƙwarai. Ma'ajiyar da aka manne a jikin allon uwa in ta mutu, sau da yawa da ita da na'urar da aikin da ke ciki tare ake yi musu jana'iza. Shi ya sa ba na yi wa masu sayen tsofaffin manyan akwatuna dariya. Abin da ke jansu gaskiya ne, ƙarfe ne da aka gina don ya yi shekaru yana aiki dare da rana, kayan gyaransa kuma suna nan birjik. Sai dai a sani cewa da yawansu, irin su HP Z440 ta 2014, ba sa cikin jerin na'urorin da Windows 11 ta yarda da su, Windows 10 kuma Microsoft ya janye mata tallafi tun 14 ga Oktoban 2025.

Akwai kuma lissafin da ba a rubuta shi a jikin kwali, don waɗanda suka ƙera na'urar ba su san ana yin sa ba: wuta. A alƙaluman Apple, mafi ƙanƙantar Mac Pro ta 2019 tana shan kimanin wat ɗari tana zaune ba ta komai. Mac mini ta 2024, mai dala 599, wat huɗu take sha a zaune, in ta yi iyakar ƙoƙarinta kuma wat 65. A lokacin da aka kai yunit ɗaya naira 225 ga masu layin Band A a watan Afrilun 2024, na'urar da ke jan wat 400 na awa goma ta sha yunit huɗu ke nan, naira ɗari tara a rana, ban da fanka ko iyakwandishan da zai kwashe zafin da ta zubo. Wannan ma da sauƙi. Ga mai inbata, batirin nan na am 200 da bolt 12 da aka fi sani, a takarda yunit biyu da ɗigo huɗu yake ɗauka, rabinsa kuma ake iya sha in ana son ya yi ƙarko. Babbar na'ura za ta shanye wannan rabin cikin awa uku. Ƙaramar za ta kwana tana aiki a kansa. Laftof kuwa da batirinta take yawo, in an ɗauke wuta tsakiyar renda ko gezau ba ta yi. A Kano ko Zinder ko Tamale, na'urar da ta fi sauri ita ce wadda ba ta mutu a kashi casa'in ba.

In wani ya tambaye ni wace zai saya, ba na fara tambayar kuɗinsa. Cewa nake ya buɗe Task Manager, ko Activity Monitor in Mac ce, ya bar shi a gefen allo ya yi aikinsa na yini guda, ya riƙa satar kallo duk lokacin da na'urar ta tsaya masa. Mafi yawan lokuta abin da zai gani zai ba shi kunya. Furosesan da yake zargi yana zaune a kashi talatin yana hamma, RAM ce ta cika maƙil, ko kuma tsohuwar ma'ajiya mai faifai ce ke jan ƙafa. Sanda ɗaya ta RAM da SSD guda sun warkar da na'urori da yawa da aka yanke wa hukuncin sayarwa. Sauran asarar lokacin ma ba ta cikin akwatin. Allo ne mai ƙaryar launi, har ka buga katin biki ja ya fito ruwan goro. Intanet ce da ke kwana tana tura fayil ɗaya. Aikin wata guda ne da ya tafi saboda kwafi ɗaya tal aka ajiye. Babu furosesa mai hannu 28 da ke maganin ko ɗaya daga ciki.

Abu ɗaya zan yarda da shi wanda ba ya shiga awo. Babban akwati yana da kwarjini. Alhajin da ya zo ba da aikin bikin 'yarsa, in ya ga ƙatuwar na'ura tana gurnani da allo biyu, hankalinsa ya fi kwanciya da kuɗin da aka yanka masa fiye da in ya ga yaro da laftof a cinya. Ɗan yayata ya gaya mini haka da bakinsa, kuma ban musa ba, don na san mutanenmu. Wata takwas na tari dai ya yi yawa a kan kwarjini.

Bai sayar da ita ba. Ya nemi mai saye, aka taya ta rabin kuɗi, ya ce ko kusa. Da na koma wajensa bayan sallar layya, na tarar ya mayar da ita lungu ya ɗora mata tabarmar sallah. Ya buɗe mini gefenta da hannu ɗaya, ba sukundireba ba komai, ya nuna mini ma'ajiya huɗu da ya jera a ciki. Duk bukukuwan da ya ɗauka tun da ya buɗe shago, waɗanda da suke warwatse a ƙananan ma'ajiyoyi cikin leda, ya kwashe su ya zuba a nan, kowanne kwafi biyu. Tacewa kuwa a laftof yake yi, ya ƙara mata RAM ya sayo mata babban allo. Akwatin ba ya kunna shi sai an kawo wuta.

Muna cikin haka wata dattijuwa ta hawo benen tana haki, ta ce bidiyon bikin 'yarta na shekarar bara waccan take nema, wayar da ke ɗauke da shi ta faɗa ruwa, ga surukai suna tambaya. Ya tashi ya ba ta kujera, ya duba littafinsa, ya sa yatsa a kan wani layi.

"Yana nan, Hajiya, babu abin da ya same shi," ya ce, yana nuna lungun da tabarmar take. "Sai dai a yi mini haƙuri zuwa dare, in sun kawo wuta."